Kaset Ɗin Tanko Mai Kwale-kwale

Keken ɗinkina da rediyon babanku muka sayar muka cika kuɗin jirgin sama. Ke Hafsa, ajiye wayar nan, da ke da ƙanwarki nake.

Ku kun san shi direba ne a nan garin Sitalin. Ku yi ta dariya, haka bakina ya iya faɗa. Amma a gida shi ne muryar Tanko Mai Kwale-kwale, wasan da gidan rediyon jiharmu ke sawa. Da fari ranar Alhamis ne bayan la'asar, da 'yan kasuwa suka yi ƙorafi aka mayar da shi Juma'a. Kowane mako sai a bar Tanko cikin masifa, ko a bakin kada ko a hannun 'yan fashin kogi, a ce sai wani makon. Ni tuwo ba ya shiga don fargaba, alhali ga mutumin a gabana yana ta loma.

Aka ce masa ya zo Washintin, sashen Hausa na wata rediyo na neman murya. Muka zo. Suka ce su labarai suke karantawa, ina takardar digiri? Shi ke nan, sai tuƙi. Ni kuma jinyar tsofaffi a garin Kilintin.

Kuna ƙanana, ranar hutu yakan yi muku Tanko, yana kaɗa faranti wai hadari ne. Rannan matar da muke haya a gidanta ta buga ƙofa.

"Me ake fasawa?"

"Ruwan sama ne, Madam."

"A gidana? Ku kai shi waje!"

Daga ranar bai ƙara ba.

Bara, bayan rasuwarsa, na je gida, na nufi gidan rediyon in samo muku muryarsa. Dattijon da ke kula da ɗakin faya-fayai ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, lokacin faifai tsada gare shi. Wasa na fita, sai mu ɗora sanarwar takin zamani a kai."

"Duka, Malam?"

"Duka."

Haka na dawo. Saura wannan kaset da na ɗauka da kaina daga rediyo tun muna gida, kashi na kusa da ƙarshe. Kwale-kwale ya kife, Tanko yana salati, sai kiɗa. Na ƙarshen kuwa, muna cikin jirgi aka sa shi. Shekara da shekaru ina tambayar babanku yadda aka ƙare, sai ya yi murmushi ya ce, "Ladidi, sai wani makon."

Don haka kada ku tambaye ni ko Tanko ya fita daga kogin. Ku dai matso. Zaren kaset ɗin ya yi laushi, kullum tsorona kada ya tsinke. Hafsa, ke danna.