Soron Kano a Ruwan Jalingo

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Daga Sule Maɗinki, unguwar Turaki, Jalingo. Muna jin ka a akwatin rediyon da En'e ta kafa a bakin kasuwa.

Mu asalinmu Kanawa ne. Da rani na gina wa mahaifiyata soro irin na gida, rufin ƙasa a kan azara. Maƙwabcina Hammadu, Bafillace, ya ce, "Malam Sule, ruwan nan ba irin na Kano ba ne. Ɗora masa jinka." Na yi dariya, na ce ciyawa sai ƙauye.

Ran Talata aka kwana uku ana ruwa. Bayan azahar muna zaune, sai azara ta yi ƙara, ƙasa ta ɓamɓaro ta rufe tabarmar da Inna ta tashi daga kai ba da jimawa ba.

Rufin ya yi ciki, bango ya tsage. Kwanon rufi kuwa ba ya samuwa sai jirgin ruwa ya iso garin Lau da shi. Inna ta ƙi fita, wai ba za ta tsufa a bukka ba.

Magina masu saurare, don Allah, jinka za ta ceci soron da ya riga ya sha ruwa, ko rushe shi zan yi? Ku taimaka da sauri. Ga hadari can ya sake haɗowa daga gabas, Inna kuma tana ciki.