Gangar Littattafan Fasto

Ina jiran jirgin fito a Charlestown, sai wata tsohuwa mai sayar da ƙwai ta dubi wani mutum da ke dafe da gangar katako.

"Samari, kifi ne a ciki?"

"Littattafan babana ne, Iya. Fasto ne, ya rasu da kaka. Wasiyyarsa ta ce na ɗan da zai gaji wa'azi ne, wato ƙanena Jabez, can ƙetaren kogi. Ni gona ya bar mini."

"Ashe kai ka more! Yaren Latin na fastoci ai ba ya cika ciki. Ka taɓa karanta su?"

"Ko layi ɗaya. Amma duk bazara ni nake shanya su, in goge da tsumma. Akwai wani babba da ɓera ya ci wa ɗinki, sai an tallafe shi kamar jariri."

"Ƙanen naka ya san haka?"

"Shi karatu ya sani. A kansu yake dasa kyandir."

"To ga jirgi nan, ɗauki kayanka."

"Zan jira na gaba. Ruwan bai kwanta ba."

"Wane ruwa? Kogi lumui haka? Tun safe ina nan zaune, ɗan nan, uku ka bari suka wuce."

"To, huɗu ke nan, Iya."