Kafso Biyu a Hannuna, Ɗana Kwance

Salamu alaikum mai gabatarwa. Ni ce Inna Hassi daga Argungu, maƙwabciyata Malama Asabe ke rubuta mini.

Ɗana Garba masunci yana kwance da ciwon ƙirji. Likita ya rubuta ampisilin. Mai kemis ya ce ya ƙare, ya ba ni amoksisilin, wai uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ni ba karatu, launi na sani, kuma wanga kafso ba ja da baƙi ba ne irin na ampisilin. Na tura matar Garba Birnin Kebbi neman na likita. Kafin ta dawo zazzaɓi ya tsananta, na ba shi na kemis.

Yanzu ta samo, likitan kuma ya tahi Sakkwato. In ci gaba, ko in sauya? Ku tambayo masana da wuri. Mijina ya rasu, ɗa guda gare ni.