Madabod da Gyaɗar Iri

A tashar Ɗanbatta, muna jiran mota ta cika, wani dattijo ya dubi kwalin da wani saurayi ya rungume.

"Samari, mene ne wannan?"

"Madabod ne, Baba, allon da kayan kwamfuta suke zama a kai. Ya ƙone."

"Subhanallahi! Garin yaya?"

"Mai araha na zaɓa, kuma na ƙure wa kwamfutar gudu don haɗa bidiyon biki. Sannan na lulluɓe ta da buhu saboda ƙaiƙayin sussukar gidanmu. Zafi ya gama da shi."

"Sai ka sayi wani mana."

"Da me? Gyaɗar irinmu na sayar na sayo wannan."

"Mahaifinka ya sani?"

"Bai buɗe rumbun ba tukuna. Ga shi jiya an yi ruwan shuka."