Usur ɗin da Ya Watsa 'Yan Dako

MAHMUDA: Salamu alaikum. Kawu? Mahmuda ne, daga Kurfi.

ALHAJI ATIKU: Wa alaikumus salam. Ɗaga murya, wayar nan ƙugi take. An tashi lafiya? Ya Dada?

MAHMUDA: Lafiya lau, tana gaishe ka. Ya mutanen Dutsin-Ma?

ALHAJI ATIKU: Sai godiya. Ya baƙunta? An saba da gida?

MAHMUDA: To, shekara shida a Kaduna, Kawu. Na tarar kasuwa ta matsa, an sare tsamiyar ƙofar gida, ga waya har ofishin hakimi...

ALHAJI ATIKU: Bar tsamiya. Mota na nan tafe gobe. 'Yan dakon da na ba ka sun gama ɗinke buhunan gyaɗa?

MAHMUDA: Abin da ya sa na kira ke nan. Sun gudu.

ALHAJI ATIKU: Ban ji ba.

MAHMUDA: Sun gudu, Kawu, su goma sha biyun.

ALHAJI ATIKU: Me ka yi masu?

MAHMUDA: Abin da ake mana a masaƙar Kaduna ne. Kafin aiki in jera su, a miƙe hannu, a durƙusa, a zaga rumfa sau uku, a sha koko. Wallahi ya yi maka amfani. Sati uku ba mai kukan ciwon baya. Audi da kullum yake kwance bai yi fashi ba. Motar da ake lodi har la'asar, kafin azahar muka sallame ta.

ALHAJI ATIKU: To me ya kore su?

MAHMUDA: Jiya na sayi usur. Na busa suka jeru, ga ni cikin kakin masaƙa. Wata mai fura ta gani, ta kai labari Tamawa, ƙauyen 'yan dakon, cewa ɗan Dada soja ne, ɗibar mutane yake zuwa bakin daga. Kafin la'asar uwar Jibo ta riƙe ƙafata tana kuka. Ummaru an ce ya nufi Maraɗi.

ALHAJI ATIKU: Ana yaƙi, kullum rediyo na neman samari, kai ka jera 'ya'yan mutane ka busa masu usur?

MAHMUDA: Na bi su gida-gida ina rantsuwa, ba wanda ya fito. Ka zo ka yi masu magana, kai za su yarda. Sati ɗaya kawai ka ba ni. Na jefa usur ɗin a rijiya.

ALHAJI ATIKU: Zan zo yau da yarona Ilu, shi zai riƙe rumfar. Muddin kana wurin ba za su dawo ba.

MAHMUDA: Kawu, zama na dawo yi. Na yi wa Dada alkawari.

ALHAJI ATIKU: Na sani. Ka nuna wa Ilu miƙe hannun nan da kokon, ya ci gaba da su. Ban da jeri.

MAHMUDA: Ilu... To. Motar goben, Kano za ta?

ALHAJI ATIKU: Kano.

MAHMUDA: A bar mani wuri saman buhuna. Dama ban gama kwance akwatina ba. Kada ka gaya wa Dada, ni zan...

MAI HAƊA WAYA: Minti uku sun cika, Malam.

MAHMUDA: Kawu? Kawu?