Fentin Bango Ɗaya

A wani shagon fenti a Agege, Monica tana jiran a sallame ta, sai ta ga wani dattijo ɗan Nijar yana duba katin launuka ta kyamarar wayarsa.

"Baba, da ido ake zaɓen fenti, ba da waya ba."

"Ɗiyata, ba don idona zan saya ba. Dubi nan. Fari yana kashe ido, shuɗi kuma sai ɗakin ya koma kamar rijiya. Ruwan ƙwan nan nake so."

"A damshin Legas? Kafin damina ta wuce ya yi baƙi. Ɗauki ruwan toka. Kuma ɗan gwangwanin nan ba zai ishi ɗaki ba."

"Bango ɗaya zan shafa, wanda nake jingina da shi in ana kiran bidiyo. Gadi nake yi. Jikata a Maraɗi ta ga bangon, ta tambayi uwarta ko a kurkuku nake. Tun ranar ta ƙi karɓar waya."

"In ya yi baƙi fa?"

"Sai in sake shafawa."

Monica ta tuna da bangon ɗakinta. Ita zani take ratayawa a bayanta duk lokacin da za ta kira gida Kafanchan.

"Baba, haska mana koren can mu gani."