Kafireto a Juye

A shagon kayan babur, ina jiran a nemo min madubi, wata mata ta ajiye tsohon kafireto a kan tebur. Wani dattijo mai baƙin mai a farce ya leƙo.

"'Yata, wannan ai ya girme ki. Na wane babur ne?"

"Na babur ɗin tseren babana ne, irin masu tsallake tudu da kwari. Ina tayar da shi a garejin gida."

"Ni makaniki ne. Kawo min, kwana biyu ya tashi."

"A'a, Baba, ba na sauri."

"To babur kike so ko wahala?"

Ta yi dariya, sannan ta sassauta murya. "Tun da ɓarin jikin babana ya shanye bai yi magana ba. Nakan turo shi a keken marasa lafiya ya zauna yana kallona. Shekaranjiya na ɗaura wannan a juye, sai na ji ya ce, 'Ba haka ba!'"

Dattijon ya ɗauki kafireton yana jujjuya shi.

"Kin gyara?"

"Tukuna dai."

"Madalla. Gobe ki ɗauko guduma ki nufi injin. Wallahi har sunanki sai ya kira."